Yadda Ake Koya Wa Ɗaliban Injiniya Halin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Dikwa zuwa Gamboru da rani ya san baƙar ƙasar nan da Barebari ke kira firgi, wadda manoma ke dasa masakwa a cikinta bayan ruwa ya janye. In ta bushe takan dare har mutum ya iya zura hannunsa cikin tsagar, in kuwa damina ta sauka sai ta sha ruwa ta kumbura, ta ɗaga duk abin da aka ɗora mata, ko kwalta ce ko bangon makaranta. Manomi ya san halinta tun kaka da kakanni. Abin tambaya shi ne, yaron da ya yi shekara biyar a jami'a ya fito da digirin injiniyan gine-gine, shi ma ya san ta kuwa?

Ƙarfe da siminti daga masana'anta suke fitowa, an san ƙarfinsu tun kafin a sauke su daga mota. Ita ƙasa kuwa ba wanda ya yi odarta. Yadda injiniya ya tarar da ita haka zai yi aiki da ita, kuma sau da yawa abin da ke ƙarƙashin wannan kusurwa ta fili dabam yake da na waccan. Mutumin da ya fara mayar da wannan al'amari ilmi mai ƙa'ida shi ne Karl Terzaghi, wanda ya buga littafinsa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya cikin 1925. Shi ya nuna cewa nauyin gini kan yumɓu mai ruwa da fari ruwan ne ke ɗaukarsa, sa'an nan a hankali ruwan ya tsiyaye, ƙasar ta matse, ginin ya zauna. Wannan zama yana iya ɗaukar shekaru masu yawa.

A jami'o'in ƙasar nan ɗalibi yakan gamu da wannan darasi wajen shekararsa ta uku. Akan kai shi ɗakin gwaje-gwaje ya tankaɗe ƙasa da rariyoyi iri-iri, ya kwaɓa yumɓu ya murza shi har ya zama siririn zare mai kaurin milimita 3 don ya ga inda zai fara kakkaryewa, ya daddaɓe marmara cikin gwangwanin ƙarfe bisa hanyar da wani Ba'amurke mai suna Proctor ya fito da ita cikin 1933. Duk wannan yana da kyau. Amma inda gizo ke saƙa shi ne wajen jarrabawa. Malami yakan rubuta wa ɗalibi ƙarfin ƙasar, da nauyinta, da zurfin ruwa, ya ce a lissafa fāɗin harsashi. Yaro mai kaifin kai zai cinye maki duka. Ran da ya fita wurin aiki kuwa, ba mai ba shi waɗannan lambobi. Shi ne zai nemo su, kuma nemo su ɗin shi ne aikin.

Ga misalin abin da zai tarar. Ana haƙa rami kamar na rijiyar burtsatse, a sa bututu, a riƙa sako masa guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, ana ƙidaya bugu nawa zai nutsa santimita 30. A rami na farko a sami bugu 8, a na biyu 22, a na uku a tarar da laka. To, wanne zai ɗauka? Ya ƙara haƙa wani ramin ne, alhali mai gini yana ƙorafin kuɗi? Ba littafin da ya rubuta amsar. Shi ya sa malamai masu hangen nesa suka fi son su miƙa wa ɗalibai ainihin rahoton binciken wani fili, da kurakuransa da giɓinsa, su raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace ta zana harsashinta, ta tsaya gaban aji ta kare dalilinta. Ƙungiya biyu suna iya kawo amsa biyu, kuma dukansu su yi daidai. Ɗalibin da ya saba da amsa ɗaya tak a bayan littafi yakan ji wannan da nauyi ƙwarai.

Labarin gine-ginen da suka gaza ma malami ne babba. Cikin watan Oktoba na 1913 wani katafaren rumbun hatsi na kankare a Transcona, kusa da Winnipeg a Kanada, ya karkace wajen digiri 27 ana cikin zuba masa alkama karo na farko. An gwada ƙasar kafin a yi ginin, ta kuma nuna ƙarfi. Ashe gwajin saman kawai ya taɓa, can ƙasa akwai yumɓu mai taushi wanda ba a kai gare shi ba. Hasumiyar Pisa ta Italiya kuwa, wadda aka soma ginawa cikin 1173, sai da aka rufe ta cikin 1990, aka yi ta zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin ɓangaren da ya fi tudu, kafin a sake buɗe ta cikin 2001. Amma ba sai an je Turai ba. Madatsar ruwa ta Bagauda a Jihar Kano ta ɓalle cikin 1988, ta Alau kuma cikin Satumba na 2024, ruwanta ya mamaye Maiduguri. Ya kamata a ce kowane ɗalibin injiniya a Nijeriya ya zauna ya yi nazarin waɗannan biyu filla-filla kafin a ba shi takardar shaida.

Akwai kuma matsalar littattafai. Yawancinsu an rubuta su ne bisa ƙasar Turai da Amurka, wadda ba ta sha rana da ruwa irin na nan ba. Wata jar marmarar, in aka busar da ita cikin tanda kafin gwaji kamar yadda littafin ya ce, sai halinta ya sāke, gwajin ya ba da amsar da ba ta dace da abin da ke fili ba. A Ikko kuwa, inda laka da ruɓaɓɓen ganye suka yi zurfi a bakin tafki, dole manyan gine-gine da gadoji su tsaya kan turakun kankare da aka kafa can ƙasa. Injiniyan da ya koyi aiki a kan tsandaurin Zariya, in aka tura shi Ikko ko Fatakwal, kusan sabon karatu zai soma.

Tun 1973 aka kafa shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, kuma ɗaliban injiniya sukan yi wata shida a waje cikin shekara ta huɗu. Wanda ya yi sa'a aka haɗa shi da masu haƙar gwaji, zai dawo aji ya san warin laka da yadda yashi ke rufta rami. Da yawa kuwa a ofis suke ƙare watanninsu, suna kwafar zanen da wani ya yi.