Mece ce jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa?

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ake yawan jin likitoci suna ambaton wannan jinya.

Zama ne na sirri tsakanin mai damuwa da ƙwararre, galibi sau ɗaya a mako, na kusan sa'a guda. Ta bambanta da nasihar dattijo, domin ƙwararren ya fi tambaya da saurare: wane tunani ne ke zuwa maka idan gabanka ya faɗi? Misali, wanda fargaba ta hana shiga kasuwar Tambuwal, sai a tsara masa komawa sannu a hankali, yau ya tsaya bakin titi, mako mai zuwa ya kai rumfar farko. Idan ciwon ya yi nauyi, sai likita ya haɗa da magani. Ba ta kuma hana kowa addu'arsa.

Masu buƙatarta suna da yawa: mai jego da baƙin ciki ya lulluɓe, manomin Kebbe da tsoron 'yan bindiga ya hana barci, ɗan ci-rani a Legas ko Saudiyya da kewa da baƙuwar al'ada suka dame shi.

Babban cikas shi ne nisa. A Jihar Sakkwato, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana Kware, don haka mutumin Kebbe sai ya ratsa Sakkwato kafin ya isa, ga kuɗin mota. Mafi sauƙi ya fara da asibitin garinsu, a tura shi gaba idan da buƙata.