Kafin a shiga ɗakin tiyata: Abin da mai hawan jini ya kamata ya sani kan maganin kwantar da hankali

A unguwar Maourey, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin birnin Yamai, ba wuya ka sami gidan da dattijo ke shan maganin hawan jini, wanda a nan aka fi sani da "tansiyo". Wani yana sha kullum, wani kuma sai ranar da kai ya sara masa. Bambancin nan yakan fito fili ne idan aka sa wa mutum ranar tiyata a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ko na Lamordé.

Tsoron wuƙa kaɗai ya isa ya ɗaga jinin mai lafiya, balle wanda jijiyoyinsa suka riga suka taurara. Jinin mai hawan jini yakan yi sama lokacin da ake zura masa bututun numfashi a maƙogwaro, ya kuma faɗi warwas da zarar maganin sa barci ya kama shi. Wannan hawa da sauka ne likitoci ke gudu, domin yana iya taɓa zuciya, ƙoda ko ƙwaƙwalwa.

Shi ya sa ake bai wa wasu majinyata maganin kwantar da hankali kafin aiki, irin su midazolam, diazepam ko hydroxyzine. Yana rage fargaba, jini ya ɗan daidaita. Sai dai ba ya warkar da hawan jinin da aka yi shekaru ana wasa da shi, kuma ba kowa ya dace da shi ba: tsofaffi kan ruɗe, numfashin wasu ya yi rauni. Wani bincike da aka yi a Faransa kan majinyata fiye da 1,000, wanda mujallar JAMA ta wallafa a 2015, ya nuna cewa lorazepam bai ƙara wa majinyata gamsuwa ba, sai ma jinkirta farfaɗowarsu da ya yi.

A Birtaniya, ƙa'idar da likitoci suka fitar a 2016 ta ce ana iya yin aikin da ba na gaggawa ba idan awon da aka yi a asibiti bai kai 180/110 ba. Idan ya kai, a kan ɗage aikin, kuma iyalin da suka haɗa kuɗi da ƙyar sun san zafin hakan.

Don haka ganawa da likitan sa barci kafin ranar aiki ba ɓata lokaci ba ce. Nan ake tantance maganin da za a ci gaba da sha: atenolol ba a yanke shi kwatsam, amma captopril ko losartan likita na iya cewa a dakata kwana guda kafin aiki. Ya kamata majinyaci ya tafi da kwalayen magungunansa duka, har waɗanda 'ya'ya suka aiko daga Faransa ko Saudiyya, da jiƙon gargajiya.

Matasa ma abin ya shafe su. Wanda ya saba haɗiyar diazepam ko tramadol na 'yan talla, jikinsa ba zai amsa maganin asibiti yadda aka zata ba. Kunyar faɗa wa likita a gaban iyaye gaskiya ce, amma majinyaci na da damar neman a gana da shi shi kaɗai.