Suna Ɗaya Ba Jini Ɗaya Ba Ne

Akwai wata fahimta da ta yi jijiya a zukatan mutane da yawa, musamman matasan da suka tashi a zamanin cike fom: wai idan fitattun mutane biyu suna da suna iri ɗaya, to daga gida ɗaya suka fito. A majalisun hira na Funtua da Malumfashi, da zarar rediyo ta ambaci wani mai muƙami, sai ka ji an ce ai ƙanin wane ne, ba ka ji sunan ba? Daga nan sai a ɗora masa alherin wancan ko laifinsa.

Adalci shi ne a fara da yarda cewa masu wannan ra'ayi suna da abin kamawa. Shehu Musa 'Yar'aduwa da Umaru Musa 'Yar'aduwa wa da ƙani ne. Dakta Ahmad Gumi ɗan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ne. Gidan Ɗantata da gidan Bayero a Kano sun riƙe sunan kakanni. Ga kuma makarantu da bankuna da ofishin katin ɗan ƙasa, kullum suna neman a rubuta sunan iyali irin na Turawa. Wanda ya saba da haka ba a ga laifinsa ba idan ya zaci kowane sunan baya sunan gida ne. Amma gidajen da aka lissafa tsiraru ne, kuma tsarin sunan Bahaushe ba a kan haka aka gina shi ba.

Hujja ta farko ita ce yawancin sunayen bayan da manyanmu suka shahara da su sunayen garuruwa ne. A makarantun boko na farko, irin su Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, aji ɗaya kan cika da Muhammadu da Abubakar, ga kunyar da ke hana yaro ambaton sunan mahaifinsa, sai aka riƙa bambanta ɗalibai da garuruwansu. Haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita da Shehu Shagari, har Sardauna ma Ahmadu Raɓa ake kiransa a makaranta. Marigayi Isma'ila Isa Funtua, ɗan kasuwa kuma mawallafin jaridar Democrat, wanda ya rasu a Yulin 2020, sunan garinsa ya ɗauka. Funtua kuwa gari ne da jirgin ƙasa da cinikin auduga suka tara wa jama'a daga Katsina da Zazzau da Kano da Sakkwato da kudancin ƙasar nan, don haka mutum biyu za su iya amsa sunan Funtua alhali kakanninsu ba su taɓa haɗuwa ba. Ko Mamman Shata, da ake kira Shata Katsina, a Musawa aka haife shi, a Funtua ya yi gida, a Daura aka binne shi a 1999. Katsinar da ke sunansa lardi take nufi.

Mun ga yadda wannan ke rikita mutane a Yunin 2022, lokacin da jam'iyyar APC ta miƙa sunan Ibrahim Kabir Masari a matsayin mataimakin ɗan takarar shugaban ƙasa na wucin gadi, kafin Kashim Shettima ya maye gurbinsa. Mutane da yawa sun zaci gwamnan wancan lokacin, Aminu Bello Masari ne, tsohon Kakakin Majalisar Wakilai. Mutum biyu ne daban, kuma abin da sunan ke shaidawa shi ne garin Masari da ke ƙaramar hukumar Ƙafur. Batun dangantaka asali ake bincika a kansa, sunan gari ba ya yanke hukunci.

Hujja ta biyu ita ce laƙabi. Bahaushe yakan kira Usman da Shehu, Abubakar da Garba, Umaru da Sanda, Yusufu da Maitama. Saboda haka ne muke da Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya rasu a 2017, da Bello Maitama Yusuf, minista a gwamnatin Shagari kuma sanata daga Jigawa, da Yusuf Maitama Tuggar na jihar Bauchi, wanda ya zama Ministan Harkokin Waje a 2023. Jihohi uku, gidaje uku. Haka nan Alhaji Shehu Musa, Makaman Nupe, Sakataren Gwamnatin Tarayya a zamanin Shagari wanda ya jagoranci ƙidayar jama'a ta 1991, mutumin Bida ne, ba shi ne Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, da ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997 ba.

Sunan Dikko, wanda Fulani kan ba ɗan fari, ya fi kowanne fito da batun fili. Akwai Muhammadu Dikko, Sarkin Katsina daga 1906 zuwa 1944. Akwai Dakta Barau Dikko na Wusasa, likitan farko daga Arewa, Kirista, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Akwai Umaru Dikko, Bazazzagi, Ministan Sufuri na Shagari, wanda aka yi yunƙurin sacewa a cikin akwati daga Landan a 1984. Akwai kuma Dikko Umaru Raɗɗa, Gwamnan Katsina tun 2023, daga garin Raɗɗa na ƙaramar hukumar Charanchi. Yaron da ya haɗa waɗannan a gida ɗaya ya rasa tarihin sarauta da na likitanci da na siyasa gaba ɗaya.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi: 'yan'uwan jini na gaskiya sau da yawa sunayensu ba sa kama. Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan sojan Arewa a 1966, da M.D. Yusufu, Sufeto Janar na 'yan sanda daga 1975 zuwa 1979, duk zuriyar Sarki Dikko ne. Mamman Daura, tsohon editan New Nigerian, ɗan yayan Muhammadu Buhari ne, amma babu Buhari a sunansa. Ma'aunin da ke raba 'yan gida ɗaya, ya kuma haɗa waɗanda ba su san juna ba, bai cancanci a dogara da shi ba.

Wani zai ce ai kuskure ne ƙarami. Ba ƙarami ba ne. Da shi ake zargin mutum da cewa ɗan'uwansa ne ya ba shi muƙami, da shi ake shafa wa mai gaskiya kashin kaji saboda laifin takwaransa, da shi kuma ɗan damfara ke raɓa da sunan wani babba ya cuci manomi mai neman taki ko rance. Musulunci ya tsananta kan jingina mutum ga wanda ba mahaifinsa ba, kuma malaman hadisi sun ware fanni guda don rarrabe masu ruwaya da sunayensu suka zo ɗaya, inda Khaɗib al-Bagdadi ya wallafa Al-Muttafiƙ wal-Muftariƙ. Ɗaliban zaurukanmu sun san Ibn Hajar biyu ne: al-Asƙalani mai Fathul Bari, wanda ya rasu a 852 bayan Hijira, da al-Haitami malamin fiƙihun Shafi'iyya, wanda ya zo bayansa da fiye da ƙarni guda. Idan magabata sun ɗauki wannan wahala don kada a ba wani maganar wani, mu ma ya kamace mu.

Takwara yana da haƙƙinsa a al'adarmu, ana girmama shi, ana yi masa kara, amma ba ya cin gado. Don haka kafin ɗan'uwa mai karatu ya ce wane ɗan gidan wane ne, ya yi tambayoyin da dattawa ke yi idan an zo neman aure: wane ne mahaifinsa, wace unguwa, wane ne kakansa? Malaman makaranta da 'yan jarida kuma su riƙa haɗa suna da sarauta ko gari ko shekara, su ce Mamman Nasir, Galadiman Katsina, alƙalin da ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992 kuma ya riƙe ƙasar Malumfashi. Da haka ne kowa zai tsaya da aikinsa, a yaba masa ko a tuhume shi a kan abin da hannunsa ya aikata.