Kwamfutar da ake shiga ba sallama

Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, shagunan buga takardu na Birnin Kebbi da Argungu ba su rasa ciniki ba. Wannan ya zo buga takardar jarrabawa, wancan ɗalibin Kwalejin Waziri Umaru ne da aikin kammala karatu, ga ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie tana rajista. Kowa ya tafi sai ya bar wani abu a cikin na'urar: hoton fasfo, lambar NIN, hoton sakamakon WAEC. Abin tambaya shi ne, wa na'urar ke buɗe wa ƙofa idan an kunna ta?

A shaguna da yawa amsar ita ce duk wanda ya danna maɓalli. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wuta ta ɗauke, a tayar da janareto, a sake kunna na'urori, ga mutane a layi. Mai shago ya gaji da buga kalmar sirri, sai ya ce wa mai gyara, "Don Allah cire mini wannan abin." Allon shiga kuwa shi ne zauren gida, inda baƙo ke tsayawa ya yi sallama. A Windows, tsohuwar dabarar cire shi ta cikin rajistar manhajar tana ajiye kalmar sirrin a rubuce ƙarara, yadda mai ɗan sani zai karanta ta. Mafi muni, asusun da ke buɗewar sau da yawa na mai cikakken iko ne, wanda zai iya saka kowace manhaja, har da mai naɗe duk abin da aka buga a madannai.

Zancen ya ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar da. Windows 11 na buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma kwamfutocin gwanjo da yawa ba su da shi. Mafita ɗaya ita ce Linux, irin su Ubuntu da Mint, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya a tsohuwar na'ura. Sai dai a can ma akwai rami.

Idan aka kunna Linux, ƙwaƙwalwar manhajar ce ke fara tashi, ta miƙa ragama ga systemd, shi kuma ya tayar da sauran ayyuka bi da bi. Allo mai hotuna yana daga cikin na ƙarshe. Wani mai gyaran, ganin na'ura ta tsaya a baƙin allo mai rubutu zalla, sai ya cusa umarnin startx a fayil ɗin rc.local don hotuna su fito da kansu. Za su fito kuwa, amma duk abin da ke cikin wannan fayil da ikon root yake gudana, wato sarkin na'urar. Burauza da duk abin da aka sauko da shi daga intanet sun sami wannan ikon ke nan. Wani kuma ya shiga ta baƙin allon ya buga startx da hannu. A tsofaffin tsare-tsare, ko an kulle allo, mutum na iya danna Ctrl da Alt da F1, ya kashe hotunan, ya tarar da asusun a buɗe.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Akwai manhajojin da aikinsu ke nan, GDM da SDDM da LightDM. Su ke nuna allon shiga, su tantance kalmar sirri, sannan su buɗe wa mutum iya ikon asusunsa. A saka ɗaya, misali LightDM, a buga systemctl enable lightdm, sannan systemctl set-default graphical.target. Shi ke nan.

Ba ina cewa na'urar masu ciniki lallai sai ta nemi kalmar sirri ba. Ta buɗe da kanta, amma cikin asusu marar iko. LightDM ma na da zaman baƙo, wanda ke share komai da zarar mutum ya fita. Asusun maigida kuwa ya zauna daban, da kalmar da ba lambar wayarsa ba ce, ba kuma 1234 ba.

Saura abu guda da ba a cika faɗa ba: allon shiga ba ya tsare faifan ajiya. Wanda ya zo da filashi mai ɗauke da Linux ya tayar da na'urar da shi, ko ya kwance faifan ya tafi da shi, zai karanta komai bai ko ga allon ba. Maganin shi ne kalmar sirri a BIOS, da rufe faifan da BitLocker a Windows ko LUKS a Linux. Mai BitLocker ya rubuta lambobin ceto 48 da manhajar ke bayarwa a takarda ya adana, don idan suka ɓace, samun bayanan sai an dace.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a kan wanda ya karɓe su, kuma shagon unguwa ma karɓa yake yi. Masu shaguna, kafin cinkoson rajista na gaba, ku kira mai gyaranku ya raba asusunku da na masu ciniki, ya mayar da allon da ya cire.