Idan ciwo ya zo da dare a Damergu: ina za a nufa?

Ciwo ba ya sallama, kuma bai san Asabar ko Lahadi ba. A gundumomin Tanut da Belbeji, inda tazarar da ke tsakanin ƙauye da likita kan kai tafiyar yini da amalanke, tambayar da ke gaban magidanci ita ce: idan yaro ya tashi da zafin jiki bayan an rufe ƙaramar likita, ina za a kai shi?

Ya kamata jama'a su san matakan da hukuma ta tsara. Na farko su ne ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, waɗanda aka gina da yawa daga shekarar 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu. Ma'aikaci ɗaya ne yawanci ke riƙe da su. Idan ya tafi ɗauko magani, ƙofa a rufe take. Sama da su akwai likitar CSI, inda ake karɓar haihuwa da mai ciwon gaggawa dare da rana. Ko an ga ƙofa a rufe, a nemi ma'aikacin da ke tsaron dare, domin aikinsa ke nan. Abin da ya fi ƙarfin CSI sai likitar gunduma ta Tanut, daga nan kuma sai babbar likitar Damagaram, mai tazarar kimanin kilomita 150. A riƙe takardar da ma'aikaci ya rubuta, don ita ke gaya wa lokotoro maganin da aka riga aka bayar.

Wane ciwo ne ba ya jiran wayewar gari? Ga yaro: idan ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko jikinsa na jijjiga, ko numfashi na yi masa wuya, ko ya yi nauyin barcin da ba a iya tashe shi. Ga mai ciki: zubar jini, ciwon kai mai tsanani tare da kumburin fuska, ko naƙudar da ta wuce awa 12. Ga kowa: zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, musamman a lokacin rani, da kuma saran maciji. Wanda kububuwa ta sara, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi.

Akwai kuma abin da ake iya yi kafin a isa. Yaro mai zawo, a ci gaba da ba shi nono da ruwan gishiri da sukari. Idan babu ƙunshin likita, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Mai jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa kome a baki. Ƙwayoyin da ake tallarsu a kasuwa, rana na dukansu, a guje su: sau da yawa suna ɓoye ciwo har lokaci ya ƙure.

Tsoron kuɗi na sa wasu jinkiri. Sai a tuna cewa tun 2005 gwamnati ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 kuma ta ɗauke na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Gaskiya ne wani lokaci magani kan yanke a likita, amma dubawar ma'aikaci ta fi zaman gida.

Babbar matsalar dai ita ce abin hawa. Nan ne aikin masu gari da hukumomin Tarka, Gangara, Olelewa, Falanko da Tenhiya yake. Kowane gari ya san mai mota ko mai babur ɗin da za a tasa da dare, a rubuta lambar wayar shugaban CSI a gidan mai gari, a kuma buɗe asusun kuɗin mai tun lokacin kaka, sa'ad da hatsi ke hannu. Makiyaya masu hawa arewa da damina su tambayi likitar da ta fi kusa da mashayarsu tun kafin su sauka. Mai cikin da watanta ya kama, a kai ta kusa da likita ta zauna wajen dangi.

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabta wannan bayani a dandali. Ba a fafe gora ranar tafiya.