Kerala da Mumbai: Ranar da Labari Ya Fi Jarumi Daraja

Shekara da shekaru, idan Bahaushe ya ce "fim ɗin Indiya", finafinan harshen Hindi yake nufi, waɗanda ake shiryawa a Mumbai, tun daga zamanin Amitabh Bachchan har zuwa na Shah Rukh Khan. Amma Indiya tana da masana'antun fim da yawa, kuma wadda ta fi cin gajiyar intanet a 'yan shekarun nan ita ce ta jihar Kerala, mai amfani da harshen Malayalam na mutane kimanin miliyan 35.

A da, labarin da aka tsara a Kerala ba ya isa arewacin Indiya sai ta hannun 'yan Mumbai, waɗanda kan sayi haƙƙinsa su sake shirya shi da jarumansu. Haka aka yi da Drishyam na Mohanlal, wanda ya fito a 2013, Ajay Devgn ya maimaita shi da Hindi a 2015.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. A 2016 kamfanin Jio ya karya farashin data, sannan annobar korona ta rufe gidajen silima a 2020. Masu kallo suka koma ga Netflix da Amazon Prime Video, suka saba da karanta fassara a ƙasan allo. A nan suka ci karo da The Great Indian Kitchen na 2021, labarin amaryar da girki da wanke-wanke suka cinye rayuwarta, ba tare da rawa a kan duwatsu ko jarumi mai dukan mutum ɗari ba. Fim ɗin ya tayar da muhawara a faɗin ƙasar kan matsayin mace a gidan aure.

Mumbai ta ji a jikinta. Selfiee na Akshay Kumar, wanda aka kwaikwayo daga Driving Licence na Kerala, ya faɗi warwas a 2023. Ba a ce Mumbai ta mutu ba, domin Pathaan da Jawan sun tara maƙudan kuɗi a wannan shekarar. Sai dai kwafi ya daina zama riba tabbatacciya, tunda mai kallo yana iya ganin na asali a wayarsa. A 2024 kuwa Manjummel Boys ya tara sama da rufi biliyan biyu a gidajen silima, abin da wani fim na Malayalam bai taɓa yi ba kafinsa.

Kannywood, wadda ta aro rawa da waƙa daga Mumbai, tana da abin koyo a nan. Matashin da ke kallon fassarar Algaita a Kano ya riga ya san na asali, don haka kwaikwayo ba zai riƙe shi ba. Kerala ta samu karɓuwa ne da labarin ɗakin girkinta da ƙauyukanta. Namu labaran suna cikin zaure da kasuwa da kotun alƙali, kuma marubutan da za su tsara su suna nan, matuƙar furodusa zai biya su kamar yadda yake biyan jarumi.