Wa Ke Tayawa, Wa Ke Sallamawa?



Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ta kasuwar Dutsin-Ma, inda mutanen Kurfi da Ɗantutture da sauran ƙauyuka ke kawo bisashensu, ya san cewa ba kasafai mai rago ke fara yanka kuɗi ba, sai dai mai saye ya dafa gadon bayan dabbar, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, sa'an nan ya taya. In tayin bai kai ba a ce masa albarka, in kuwa ya kai a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Malaman fiƙihu ba su ga aibu ga wannan mu'amala ba, har da gwanjo, matuƙar ba a dasa wani ya riƙa ƙara kuɗi alhali ba shi da niyyar saye, wato najashi, wanda shari'a ta haramta.

To, gwamnatin tarayya ma a kan wannan tafarki take cin bashi. Babban Bankin Nijeriya kan yi gwanjon takardun bashi masu wa'adin kwana 91, da 182, da 364, bankuna da masu juya kuɗin fansho su zo, kowa ya rubuta adadin da zai ranta da ruwan da yake so. A fara ɗauka daga mai rangwame, a yi ta hawa har abin da ake nema ya cika, sauran a ce musu albarka. Sai dai ikon cewa albarka yana hannun wanda zai iya jan ragonsa ya koma gida, ita kuwa hukumar da albashi ke jiranta ƙarshen wata, tsofaffin basussuka kuma suka cika wa'adi, ala tilas ta sallama.

Ba yau aka fara ba. A shekarar 2005, zamanin Obasanjo, Ngozi Okonjo-Iweala na ministar kuɗi, ƙasashen ƙungiyar Faris suka yafe wa Nijeriya kimanin dala biliyan 18, ta biya wajen biliyan 12, aka yi murna kamar an rabu da bashi har abada. Amma a watan Mayun 2023 majalisar dattawa ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta ci a Babban Banki zuwa bashin dogon wa'adi, kuma kafin ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na bankin ya kai kashi 27.5 cikin ɗari.

A nan ne maganar ke isowa ƙofar gidan talaka. Manajan banki, wanda ya ga zai iya ranta wa gwamnati, ya kwanta ya yi barci, ya tashi da ruwa mai kauri ba tare da ya taka ƙasa ba, ina dalilinsa na bin manomin da ke noman rani a bakin madatsar Zobe, wanda ba shi da takardar mallakar gona, kuma tumatirinsa na iya ruɓewa cikin kwando? Saboda haka manomi ya nufi zauren attajiri, ya karɓi kuɗin taki da man injin ban-ruwa, a kan zai biya da buhuna in kaka ta yi. Fiƙihu ya halatta irin wannan da sunan salam, bisa sharaɗin a biya kuɗin a take, a san mudu, a san ajali. Amma fa mai kuɗi ne ke tayawa, manomi kuwa bakinsa bai iya furta albarka ba, domin shuka ba ta jira.

Tun 2017 gwamnati ta fara fitar da sukuk, wato takardun neman kuɗi bisa tsarin Musulunci, na farkon naira biliyan 100, aka ɗaure kuɗin ga gyaran hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar. A ganina wannan ya fi, ko ba komai mai bi ta hanyar yana ganin allo da kwalta. Duk da haka daga aljihu ɗaya ake ɗiba, kuma nairar da ta tafi can ba ta zo Ɗantutture rance ba.